Hotunan da Suka Rasa Lamba

Dattijon nan mai gyaran keke ne ya fara cin karo da ɓarnar, kuma wallahi na so a ce wani ne ba shi ba. Tun bayan ambaliya yake zuwa ɗakinmu. Ya jingine kekensa a bakin ƙofa, ya zauna kusa da ni, mu yi ta wuce hotuna a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya ko zai ga kayan ɗansa. Ran nan muna cikin wucewa sai ya dafa mini hannu.

"Tsaya, 'yata. Koma baya."

Na koma. Riga ce ruwan toka, laka ta cinye rabinta, aljihun gaba ya taɓa yagewa an mayar da shi da baƙin zare. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ita ce. Karanta mini lambar."

Na duba ƙasan hoton. Fayau. Babu lamba, babu launi, babu ko kalma ɗaya.

Bari in yi bayani ga wanda bai san aikinmu ba. Da ruwa ya janye, gawawwakin da aka tsamo daga nesa ba a iya gane fuskarsu. Sai aka binne kowa a ƙarƙashin turke mai lamba, aka zuba tufafinsa a leda mai lamba irin ta turken. Mai Hoto ya ɗauki hoton abin da ke cikin kowace leda, muka zuba a kwamfuta, daga nan ma'aikatan lafiya suka ƙone ledojin saboda wari da cuta. Mu kuma 'yan aikin sa kai muka zauna muna maƙala wa kowane hoto 'yan kalmomi, abin da muke kira laƙabi: "riga shuɗiya", "agogon roba", "takalmin ƙafar hagu". Laƙabi na farko a kowane hoto shi ne lambar kabari. Ka rubuta kalma, hotunan da ke ɗauke da ita su fito. In ka gane naka, lamba ta kai ka inda yake kwance. Da haka na sami ƙanina, shi ya sa na riƙe makullin ɗakin nan kamar raina, har mutane suke kirana Uwar Ɗaki.

Na ce wa dattijon ya dawo gobe, kwamfuta ce ta rikice. Yana fita na bi hotunan tun daga farko. Sun fi talatin waɗanda aka share musu komai. Kwafin da muke ajiyewa a wani wuri kuwa bin na farko yake kamar jela, abin da aka goge nan can ma ya goge. Ofishin lafiya lambobi kawai ke gare su da ranar binnewa. Babu wanda ya rubuta wace riga ce ta wa.

*

Kafin la'asar ƙofar ɗakin ta cika maƙil. Ban san wanda ya kai labari ba, amma ka san mutane.

"Hukuma ce! Ba sa so a san yawan waɗanda suka mutu."

"Wace hukuma? Na gida ne. Wa ke da makulli?"

Duk suka juyo suna kallona. Na ce, "Ni ke da shi. Wanda ke da magana ya matso ya faɗa mini a fuskata." Babu wanda ya matso, amma ban ga wanda ya sauke ido ba.

A can gefe, jikin bango, Amarya tana tsaye da goyo. Har yanzu Amarya muke ce mata, domin ba ta daɗe da tarewa ba ruwa ya tafi da mijinta daga wurin da yake buga bulo. Bayansa ta haifi 'yar da ke bayanta. Ita ba matar aure ba, ita ba wadda miji ya rasu ba. Mahaifinta yana ta matsa mata ta kwashe kayanta ta dawo gida, ita kuma ta kafe ba inda za ta sai ta ga kabarin. Abu ɗaya take nema a duniya: lamba, wadda wata rana za ta kama hannun 'yarta ta kai ta, ta ce ga ubanki nan. Abin da ya ƙara mata wahala, ba ta san kayan aikinsa ba. A gidan uwarsa yake canza kaya kullum kafin ya wuce aiki, don ya fi kusa.

Uwar tasa, Inna, tana cikin 'yan aikinmu, kuma ba mu da kamarta wajen haƙuri. Ita ba ta lissafa kanta cikin masu rashi. Cewa take ɗanta ruwa ya kai shi wani gari mai nisa, yana can yana jinya, ta zo ne kawai ta taimaki bayin Allah. Mun bar ta a haka. Wa zai iya buɗe baki ya gyara mata?

Amarya ta matso kusa da ni a hankali.

"Yaya, cikin waɗanda aka goge ɗin, ko akwai nasa?"

"Ban sani ba," na ce mata. Tausayinta ya kama ni har na ji haushin kaina.

*

Kawu na kira, ƙanin mahaifiyata. Tsohon ɗan sandan ciki ne, ya ajiye aiki da ciwon suga da baƙin jini wurin manyansa, amma har yau Mai Bin Sawu ake ce masa. Ya zo da safe da tsinke a baki, ya zauna gaban kwamfuta yana danne-danne da yatsa ɗaya kamar kaza na tsattsagar hatsi. Kada wannan ya ruɗe ka, ya san kan abin.

"Mutum nawa ke shiga cikin nan?"

"Ni, da Ticha, da Mai Hoto, da Tela, da Inna. Amarya ma takan taɓa."

"Kowa da kalmar sirrinsa?"

"Guda ɗaya ce, duk da ita muke shiga," na ce.

"Kai, 'yar nan! Duk ku shida kun sa takalmi ɗaya kun bi ta cikin laka, sannan kin kira ni in gaya miki ƙafar wa ce?"

"Kawu, mutane na kuka a kaina lokacin. Wa ya tuna da wata kalmar sirri?"

Bai ƙara tsokanata ba. Ya ci gaba da tono har ya gano inda na'urar ke nuna lokacin da aka taɓa kowane hoto. Ya cire tsinken daga baki.

"Ba ɓarawo ne ya fasa ƙofa ba. Ba kuma a zama ɗaya aka yi ba. Yau ɗaya, jibi biyu, makonni ana yi. Kuma duka da rana tsaka aka yi, ɗakin nan a buɗe, kuna zaune kuna hira."

Na fi son a ce baƙo ne.

"Za a iya dawo da su?"

"Lambobin? A'a. Sai dai in wanda ya goge ya riƙe su a kansa." Ya mayar da tsinken. "Shi ya sa za mu neme shi, ba don duka ba."

*

Da Ticha Kawu ya fara, don kowa ya ji ranar da ya buga tebur ya ce sai ya share shirmen da muke rubutawa. Muka same shi a makaranta lokacin tara, yana gyara littattafan yara da jan biro.

"Na faɗa, kuma ban janye ba," in ji Ticha. "Ranka ya daɗe, na tsara musu ƙa'ida. Nau'in kaya, sai launi, sai girma. Shi ke nan. Amma ka buɗe hoto ka tarar an rubuta 'abin tausayi'. Wata ta rubuta 'irin ta ɗan maƙwabcina'. Don Allah wa zai zo ya nemi ɗansa da 'abin tausayi'?"

"Ni na rubuta wannan," na ce, "kuma abin tausayin ne."

"Kin ji ko!"

Kawu ya ɗaga mana hannu. "Ka goge irin waɗannan?"

"Na goge, ba sau ɗaya ba."

"Da lamba?"

Ticha ya ajiye biron. Fuskarsa ta canza gaba ɗaya. "Lamba ce ta kai ni kan matata. Da a ce wani ya goge tata kafin in zo, da yanzu ina yawo tsakanin turaku kamar mahaukaci. Ni in taɓa lamba?"

"Ka tuna lambar ko ɗaya daga cikin hotunan da ka yi wa laƙabi?"

Ya yi tunani har ya ji kunya. "Ta matata kawai."

A hanya Kawu ya ce, "Wannan in zai yi ɓarna, a jere zai yi ta, daga na farko zuwa na ƙarshe, ya ja layi a ƙasa. Ba shi ba ne."

*

Mai Hoto yana shagonsa, labule a sauke, hayaƙin taba ya cika ko'ina. Tun da ya yi aikin ledojin nan bai koma daidai ba. An sha jin sa yana cewa da ma ya fasa kyamarar, da ma a share hotunan kowa ya huta. Kawu ya sa na buga hotunan da aka lalata a takarda, ya miƙa masa.

Ya shiga juya su ɗaya bayan ɗaya. "Wannan ranar da aka yi hadari na ɗauka, dubi duhun. Wannan ranar da na yi amai a bayan sito. Wannan kuma ranar ƙarshe, batir ya kusa mutuwa."

"Lambobin fa?"

"Ranka ya daɗe, ni rana nake tunawa, da wari. Lamba a jikin leda take, ina ɗauka in rubuta a kwamfuta in manta. Kuma ba a jere aka kawo ledojin ba, a tarkace suke a mota."

"Ka ce kana so a share su."

"Daga kaina nake so a share su!" Ya buga ƙirji. "In na goge na kwamfuta, na nan ɗin su tafi?"

Mun fito ba da komai ba. Amma wani ya ga shigarmu shagon, kuma hakan ya isa. Washegari samari suka farfasa masa gilashin tallar hotuna, suka ja shi har titi suna tambayarsa nawa aka ba shi. Da ƙyar Tela ya ƙwace shi, leɓe a fashe. Na je na tsaya a tsakiyar titin na zage su tas, iyayensu ma ban bari ba. Bai gyara komai ba. Kawu ya san sawunmu suka bi.

*

Kwanaki Kawu ya yi yana baza hotunan a ƙasan ɗakin, ya durƙusa a kansu da gwiwarsa mai ciwo. Ya jera su bisa launi, bai ga komai ba. Ya jera bisa girma, ya jera bisa ranar ɗauka. Akwai riguna, akwai wanduna, akwai na manya, akwai na matasa. Duk na maza ne, amma ai mafi yawan hotunanmu na maza ne.

"Babu mai ɗiba haka kawai," yake ta faɗa. "Ko mahaukaci yana da tsarinsa. Wani abu ya haɗa su a idon mai gogewa, ni ne ban gan shi ba."

Dattijo mai keke kullum sai ya leƙo. Ba ya tambaya, ya dai tsaya a ƙofa ya kalli fuskata, ya ja kekensa ya tafi. Amarya kuwa ta gaya mini mahaifinta ya ce ƙarshen wata zai turo mota a kwashe kayanta, ko ta so ko ta ƙi.

Ana haka Tela ya shigo. Shi yana taimaka mana ne don yakan gane ɗinkinsa, ya ce wane na yi wa wannan. Ya tsallake hotunan a hankali, ya tsaya yana kallo, sai ya yi tsaki.

"Mutane da ƙin kawo gyara! Dubi nan. Duk cikinsu babu wanda keken ɗinki ya taɓa."

Kawu ya ɗago. "Me ka ce?"

"Gyaran nake faɗa. Ga aljihu, ga gwiwa, ga hammata, ga wannan maɓalli da ba irin sauran ba. Duk ɗinkin hannu ne, na gida. Zare da allura, a zauna a tabarma."

Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ni ma na durƙusa. Wallahi haka ne. Wani facin ƙarami ne kamar farce, laka ta kusa rufe shi, amma yana nan. Babu hoto ɗaya da ba shi da shi.

"'Yar nan, rubuta 'faci' a kwamfuta."

Na rubuta. Babu abin da ya fito.

"Rubuta 'ɗinkin hannu'. Rubuta 'gyara'."

Babu. Ticha bai sa shi cikin ƙa'idarsa ba, mu ma bai taɓa zuwa mana a rai ba.

"To kin gani," in ji Kawu. "Na'ura ba ta san da wannan ba, don ba wanda ya gaya mata. Mai gogewar bai nema da kalma ba. Da ido ya bi su. Mutum ne da in ya kalli riga, kafin ya ga launinta, inda aka ɗinke yake fara gani."

Muka juya muka kalli Tela tare. Ya ja da baya har ya taka hoto.

"A'a, a'a! Ni da bakina na nuna muku!"

"Na sha ganin wanda ya nuna da bakinsa," in ji Kawu. "Gobe bayan azahar kowa ya zo."

*

Washegari da muka hallara, Kawu ya rufe ƙofa da kansa. Ticha, Mai Hoto da leɓensa a kumbure, Tela, Amarya da goyonta, Inna, da ni. Dattijo mai keke ya roƙa a bar shi ya zauna a lungu, Kawu ya bar shi.

A kan tebur akwai tulin hotuna a takarda. Kawu ya gauraya waɗanda aka lalata da wasu masu yawa da ba a taɓa ba, ya yanke ƙasan kowanne don kada a ga laƙabi.

"Ba tambaya zan yi muku ba," ya ce. "Aiki zan ba ku. Kowa ya zo ya raba mini waɗannan kashi-kashi, yadda ransa ya ga sun dace. Babu daidai, babu kuskure."

Ticha ya fara. Riguna nan, wanduna nan, kowane kashi ya sake raba shi bisa launi, ya daidaita gefensu. Kawu ya duba bayan takardun, ya sake gaurayawa. Mai Hoto ya raba nasa bisa ranaku, yana kau da kai. Ni na raba waɗanda na taɓa gani ana kuka a kansu da waɗanda ba wanda ya taɓa tsayawa a kansu. Tela ya zo yana zufa. Na zuba masa ido. Sai ga shi yana rabawa bisa yanka: wannan ɗinkin shago, wannan na kanti, wannan gwanjo. Masu faci suka watsu a duk kashinsa. Kawu ya duba baya, ya girgiza kai.

Amarya da hannu ɗaya ta yi nata. Ta ware duk rigar da za ta shiga dogon mutum mai faɗin kafaɗa. Iyakar abin da ta sani ke nan.

"Saura ke, Inna," in ji Kawu.

"Ni ma, ɗan nan? To."

Ta gyara mayafinta ta zauna. Ba ta yi gaggawa ba. Ta ɗauki hoto, ta kawo shi kusa da ido, ta ajiye dama. Ta ɗauki wani, kallo ɗaya, ta ajiye hagu. Kashi biyu kawai ta yi. Na hagu jefa su take yi. Na dama kuwa sai ta shafa su da tafin hannu kafin ta ajiye, yadda ake shafa rigar da aka gama ninkewa.

"Inna, mene ne wannan kashin?" Kawu ya nuna na hagu.

"Waɗannan Allah Ya ji ƙansu."

"Wannan fa?"

"Waɗannan suna da mai jiransu a gida."

Kawu ya ɗauki kashin dama ya kifa shi a tebur, ya baza. A bayan kowace takarda akwai ɗigon fensir da ya yi da safe, alamar hoton da aka goge. Ya kifa na hagu. Babu ɗigo ko ɗaya.

Na zauna a kan benci. Ni na koya mata inda ake dannawa a cire laƙabi in an yi kuskure.

"Inna," in ji Kawu, muryarsa ƙasa-ƙasa, "me ya sa?"

Ba ta musa ba. Ko alamar tsoro babu a fuskarta.

"Na ga ɗinkina ne. Rigar aikinsa, ni na mayar masa da aljihu. Na duba ƙasa sai na ga sun sa masa lambar kabari. Yaron da ke da rai a sa masa lamba? Na cire. Bayan kwana biyu kuma na ga wandonsa, da facin gwiwa, shi ma sun sa masa. Na cire. Kullum sai in tarar sun ƙara wani. Ba sa gajiya."

Ticha ya ce, "Inna, mutum ɗaya zai sa riguna talatin?"

"Ni dai ɗinkina na gani."

Amarya ta kwance goyonta ta miƙa mini yarinyar. Ta zo ta durƙusa a gaban surukarta, ta riƙe mata gwiwa.

"Inna, ban yi fushi ba. Wallahi ban yi fushi ba. Ki nuna mini nasa kawai. Wanne ya sa ranar?"

Inna ta duba. Ta ɗauko wata riga mai ratsi. "Wannan." Amarya ta miƙa hannu za ta karɓa, sai Inna ta ce, "A'a, tsaya. Wannan ce." Ta ɗauko wata. Ta ajiye, ta ɗauko ta uku, ta haɗa su a ƙirjinta. "Wannan ma tasa ce. Ai kin ga zaren."

"To lambar fa, Inna? Ko ɗaya. Ko rabi. Me kika gani kafin ki goge?"

"Ba na karantawa, 'yata. In na ga baƙin rubutun nan sai in rufe ido in danna."

Kawu ya juya ya fuskanci bango.

Daga lungu dattijo mai keke ya taso. Ya lalubo hoton riga ruwan toka a cikin tulin, ya riƙe da hannu biyu.

"Baiwar Allah, wannan ta ɗana ce. Matata ce ta ɗinke aljihun nan, ina zaune ina gani."

Inna ta leƙa, ta yi masa murmushi irin na mai ba da haƙuri. "Ayya, Malam. Ɗinkina ne. Ka ga yadda nake komawa baya sau biyu a bakin aljihu?"

"Ita ma haka take yi."

Tela ya ce a hankali, "Duk mata haka suke yi."

Dattijon ya sake kallon hoton. Ya kawo shi kusa, ya kai shi nesa. Na ga leɓensa yana motsi. Ya zo ɗakin nan da abu ɗaya a hannu, cewa ya ga rigar ɗansa, yanzu shi ma ya fara kuɓuce masa.

"Ko kuwa ba ita ba ce?" ya tambaye ni.

Na jawo masa kujera ya zauna.

*

Ticha ne ya fara maganar a kira hukuma. Mai Hoto ya taɓa leɓensa ya ce shi dai a fita a gaya wa mutanen waje ba shi ba ne. Kawu ya ce za a gaya musu, amma ba yau ba, sai tsohuwar nan ta isa gida lafiya.

"Na bi sawu na kai ƙarshensa," ya ce mini yana tattara takardun. "Ga mai laifi, ga shaida, ga bakinta. Me na samo miki, 'yar nan? Iyalai sama da talatin ba za su taɓa sanin inda nasu yake ba. Ita kanta ba ta san ko ɗanta na ciki ba."

"A tone su fa, Kawu?"

"A tone a gane su da me? Kayan an ƙone."

Na so in tsani Inna. Na gwada, wallahi na gwada, don ta kashe aikin da na zuba raina a kai, ta sa an fasa bakin bawan Allah, ta bar dattijo yana shakkar idonsa. Na kalle ta tana neman takalminta a ƙarƙashin benci, sai baƙin ciki kawai na ji, mai nauyi, wanda ba shi da wanda za a ɗora wa.

Amarya ta karɓi 'yarta ta goya. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce mata, "Ƙanwata, yanzu ya za ki yi? Motar babanki na tafe."

"Ta zo," in ji ta. "In na tafi wa zai zauna da ita? In na zauna kuma, me nake jira?"

Ta sunkuya ta jawo wa Inna takalmin, ta sa mata a ƙafa, ta kama hannunta. Kawu ya buɗe musu ƙofar baya don kada su bi ta cikin mutane. A bakin ƙofar Inna ta tsaya ta kalli rana ta ga ta yi sanyi.

"Mu yi sauri, 'yata," ta ce. "In kin sauke tukunya ki rufe masa nasa a kwano. Mai doguwar tafiya da yunwa yake isowa."

Amarya ta gyara goyonta.

"To, Inna," ta ce.